Nazarin Lamari: Harhaɗa PuTTY Daga Tushe a Kan Linux, Windows da macOS a Wani Kamfanin Intanet a Jos

A ranar 15 ga Afrilu, 2024, masu kula da manhajar PuTTY suka fitar da zubi na 0.81 tare da sanarwar cewa an gano ɓaraka a dukkan zubin da suka fito daga 0.68 zuwa 0.80. PuTTY manhaja ce da ake shiga wata kwamfuta da ita daga nesa ta hanyar SSH ko Telnet, ko kuma ta wayar da ake jonawa kai tsaye a jikin na'ura, kuma Simon Tatham, ɗan Birtaniya, shi ya rubuta ta da yaren C ya fara fitar da ita a 1999. Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya biyo bayan sanarwar a wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ga ofisoshi da makarantu da shaguna a Jos, wanda ofishinsa ke kusa da Terminus, turakunsa kuma suna Rayfield da Bukuru da Farin Gada. Shugaban sashen fasaha na kamfanin ya ba da umarnin a harhaɗa sabon zubin daga tushe, wato a ɗauki rubutun shirin na asali a mayar da shi manhaja mai aiki, domin kowace kwamfuta da ma'aikata ke aiki da ita, maimakon a sauke wanda aka riga aka harhaɗa. Umarni ɗaya ne, rubutun tushen ma ɗaya ne, amma sakamakon ya bambanta ƙwarai daga wannan babbar manhaja zuwa waccan, wato Linux da Windows da macOS.

Ɓarakar da dalilin shawarar

Fabian Bäumer da Marcus Brinkmann na Jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus ne suka gano ɓarakar, aka yi mata rajista da lamba CVE-2024-31497. Ta shafi mabuɗan sirri ne da ake shiga kwamfuta da su ta SSH, nau'in ECDSA masu amfani da tsarin NIST P-521 kaɗai. Duk lokacin da irin wannan mabuɗi zai sa hannu, yana buƙatar wata lamba ta sirri da ba a maimaita ta, wadda tsawonta ya kamata ya kai bit 521. Kafin zubi na 0.81, PuTTY tana samar da lambar ne ta hanyar tsarin lissafi na SHA-512, wanda bit 512 yake bayarwa, saboda haka bit 9 na farko kullum sifiri ne. Wannan ɗan giɓi ya isa wanda ya tara sa hannu kusan 60 ya lissafo mabuɗin sirrin gaba ɗaya. Mai leƙen layi daga waje ba ya ganin sa hannun, domin a ɓoye yake tafiya, amma uwar garken da aka shiga tana gani. A nan abin ya shafi kamfanin kai tsaye, domin babban injiniyansu ya zaɓi P-521 tun shekarun baya, bisa tunanin cewa mafi girman lamba shi ne mafi tsaro, kuma da mabuɗi ɗaya yake shiga na'urorin kamfanin da uwayen garken wasu abokan ciniki waɗanda kamfanin ba shi da iko a kansu.

Hujjojin shugaban sashen guda biyu ne masu nauyi. Na farko, kwamfutocin ɗakin sa ido suna kan Ubuntu 22.04, kuma abin da ke rumbun manhajojin wannan zubi na Linux shi ne PuTTY 0.76, a sashen universe wanda al'umma ke kula da shi, ba tare da alƙawarin gyaran tsaro cikin gaggawa ba. Na biyu, babu wanda zai iya faɗin inda fayil ɗin putty.exe da ke kan laftof ɗin ma'aikatan fili ya samo asali. Wani daga filashin abokinsa ya kwafa, wani ta WhatsApp aka turo masa, wani kuma ya sauke daga shafin da ya fara fitowa a bincike, alhali adireshin putty.org ba na masu manhajar ba ne, shafinsu yana kan chiark.greenend.org.uk. Tsoron ba na banza ba ne, domin a Satumbar 2022 kamfanin tsaro na Mandiant ya ba da rahoton wasu masu kutse da ke da alaƙa da Koriya ta Arewa suna tura gurɓatacciyar PuTTY ta WhatsApp da sunan gwajin ɗaukar aiki. A ganina hujja ta farko ta tsaya da ƙafarta, ta biyu kuwa ta gano cutar daidai amma ta rubuta maganin da bai dace da ita ba, kamar yadda za a gani a batun Windows.

Abu ɗaya da aka yi daidai tun farko shi ne tantance tushen. An sauke putty-0.81.tar.gz daga shafin masu manhajar tare da fayil ɗin sa hannunsa, aka gwada shi da `gpg --verify` a kan mabuɗin da suke sa wa fitattun zubi hannu da shi, sannan aka ajiye kwafi guda a uwar garken ofis aka ce daga nan kowa zai ɗauka. Harhaɗa tushen da ba a tantance ba bai fi sauke putty.exe daga filashi tsaro da komai ba.

Ubuntu: an gama lafiya, amma babu PuTTY

Aikin Ubuntu an danƙa shi ga wani matashi mai bautar ƙasa da ke sashen. Ya nemo bayani a intanet ya bi, ya shiga foldar tushen yana neman `configure` da `mkfiles.pl`, bai same su ba, har ya fara zargin cewa fayil ɗin bai gama sauka ba. Bayanin ne ya tsufa. Har zuwa zubi na 0.76, wani ɗan shiri na yaren Perl ne ke samar da fayilolin harhaɗawa na kowace babbar manhaja, amma daga 0.77 da ya fito a Mayun 2022 an koma CMake, manhajar da ke tsara aikin harhaɗawa, kuma fayil ɗin README da ke cikin tushen ya faɗi umarni biyun da ake buƙata, wato `cmake .` sannan `cmake --build .`. Da yawa daga cikin bayanan da ke yawo an rubuta su ne kafin wannan sauyi.

Da ya saka build-essential da cmake, harhaɗawa ta tafi har ƙarshe ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ya je ya shaida wa shugaban sashen cewa an gama.

"To buɗe mana ita mu gani," in ji shugaban.

Matashin ya duba foldar ya ga kayan tagar umarni, wato plink da pscp da psftp da puttygen mai ƙirƙirar mabuɗai, amma babu putty, babu pterm. Ya ce, "Oga, wallahi bai nuna matsala ko ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai a duk lamarin. A kan Linux, PuTTY mai taga da maɓallai ta dogara ne da GTK, kayan da ake zana tagogi da maɓallai da su. Idan CMake ya duba bai sami kayan harhaɗawa na GTK ba, ba ya tsayawa, sai ya tsallake duk abin da ke buƙatarsa ya harhaɗa sauran, domin akwai masu son kayan tagar umarni kaɗai. Alamar tana cikin dogon rubutun da yake zubowa a matakin farko, wanda kusan kowa ke bari ya wuce ba tare da karantawa ba. Kasancewar kwamfuta tana da tebur mai aiki da GTK bai wadatar ba, domin kunshin da ake gudanar da manhaja da shi daban yake da kunshin da ake harhaɗa ta da shi. Da aka saka libgtk-3-dev da pkg-config aka sake daga farko, putty da pterm suka fito.

Bayan an girka, sai `plink -V` ya ci gaba da nuna 0.76. Sabon ya sauka ne a /usr/local/bin, tsohon yana nan a /usr/bin, kuma bash, shirin da ke karɓar umarni, yana riƙe da wurin da ya taɓa samun umarni har sai an ce masa `hash -r` ko an buɗe sabuwar taga. An cire kunshin putty da putty-tools na rumbu gaba ɗaya don kada a sake ruɗewa. Daga nan sashen ya kafa ƙa'idar cewa ba a cewa an gama sai `plink -V` ya nuna 0.81 a asusun mutumin da zai yi aikin, an kuma shiga wata rauta ta gaske da shi. A gwajin ne aka tarar da cewa shiga ta wayar da ake jonawa a jikin na'ura yana ƙi, saboda asusun ba ya cikin rukunin dialout da ke da ikon taɓa /dev/ttyUSB0. Wannan ba laifin harhaɗawa ba ne, amma da ba a gwada a ofis ba, sai ma'aikaci ya je gindin turke a Bukuru zai gano.

CentOS 7: tsohuwar uwar garke

Akwai wata uwar garke mai CentOS 7 da ke amfani da plink da pscp kowane dare tana kwafo saitin rautoci tana adanawa. Don rage wahala, an fara kwafo plink ɗin da aka harhaɗa a Ubuntu aka ɗora mata, sai ya ƙi tashi, yana ƙorafin cewa bai sami GLIBC_2.34 ba. Ubuntu 22.04 yana ɗauke da glibc, ginshiƙin da manhajojin Linux ke dogara da shi, zubi na 2.35, CentOS 7 kuwa 2.17, kuma manhajar da aka harhaɗa a kan sabon ba ta cika tashi a kan tsohon ba, ko da yake akasin haka yakan yi aiki. Sunan Linux da suka haɗa bai sa su zama abu ɗaya ba.

Dole aka harhaɗa a kan CentOS ɗin. CMake ɗin da ke rumbunsa 2.8.12 ne, PuTTY kuwa tana buƙatar 3.7 ko sama, saboda haka aka ɗauko kunshin cmake3 daga rumbun EPEL, aka ƙara `-DPUTTY_GTK_VERSION=NONE` tunda na'urar ba ta da tebur. Babban injiniyan ya ƙi yarda a jibge kayan harhaɗawa a kan uwar garken da ke riƙe da mabuɗan dukkan rautoci, ya ce a tayar da wata CentOS 7 ta wucin gadi a cikin kwamfutar ofis a harhaɗa a can, a kwafo sakamakon kawai. Haka aka yi, kuma wannan ne wurin da harhaɗawa daga tushe ta biya wahalarta fiye da ko'ina.

Windows

Nan ne lokaci ya fi tafiya, a daidai farkon damina lokacin da tsawa ke yawan kayar da layukan rediyo a saman tsaunin Jos, ma'aikata suna ta fita gyara. An fara da hanyar Microsoft, wato Build Tools na Visual Studio, wanda saukarsa ke cin gigabait da dama, ga ɗaukewar wuta, ga inbata da ba ta riƙe babbar kwamfutar ofis na dogon lokaci. Bayan an girka, sai aka tarar cewa tagar umarni ta yau da kullum ba ta san cmake ba, ba ta san cl.exe ba, sai an buɗe tagar da aka tanada mai suna Developer Command Prompt. Da aka harhaɗa kuma, sakamakon ya sauka a wata folda mai suna Debug, domin a tsarin Visual Studio zubin gwaji ake fitarwa idan ba a faɗi komai ba, sai an ƙara `--config Release` a umarni na biyu. Saura kaɗan a raba wa ma'aikata zubin gwajin.

Ganin haka, babban injiniyan ya kawo shawarar a harhaɗa na Windows daga kan Ubuntu, tunda tushen PuTTY yana zuwa da fayil ɗin cmake/toolchain-mingw.cmake domin wannan aiki, kuma kunshin mingw-w64, mai harhaɗa manhajar Windows daga kan Linux, bai kai Build Tools nauyi ba ko kusa. An saka shi, aka ba da umarnin da `-DCMAKE_TOOLCHAIN_FILE`, amma abin da ya fito manhajar Linux ce, babu ko fayil ɗaya mai .exe. Dalili shi ne an yi aikin a foldar da aka riga aka harhaɗa na Linux, kuma CMake yana rubuta maharhaɗin da ya zaɓa a CMakeCache.txt tun karon farko, ba ya sake shawara daga baya. Da aka buɗe tushen sabo, aka ware wa kowace babbar manhaja foldarta da `-B`, putty.exe ta fito, ta kuma yi aiki a kan Windows 10 da 11.

Ta fuskar fasaha an yi nasara. Matsalar ta bayyana ne da aka ɗora fayil ɗin a shafin cikin gida ma'aikata suka fara saukewa. Fayilolin Windows da masu PuTTY ke fitarwa suna ɗauke da sa hannun Authenticode da sunan Simon Tatham, wanda kowa zai iya gani a bayanan fayil ɗin, na kamfanin kuwa ba shi da sa hannun kowa. SmartScreen, mai gadin Windows, ya riƙa tare shi da gargaɗin cewa ba a san manhajar ba, kuma amsar da sashen ya bayar a zauren WhatsApp na ma'aikata ita ce a danna a wuce, namu ne. Wani dattijon ma'aikacin fili, wanda ya girmi shugaban sashen, shi ya fara magana a taron safiya.

"Injiniya, ka yi haƙuri da tambayata. Jiya ka ce kada mu buɗe abin da kwamfuta ta yi gargaɗi a kansa, yau ka ce mu wuce. Idan gobe wani ya turo mini nasa ya ce daga ofis ne, da me zan bambance?"

Shugaban ya ce, "Baba, maganarka gaskiya ce."

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kamfanin ya guji fayilolin da ba a san asalinsu ba, sai ya samar da wani wanda ma'aikaci ba shi da hanyar tantance shi, ya kuma koya masa tsallake gargaɗi. Sayen takardar shaidar sa hannu domin manhaja ɗaya ba abin da ƙaramin kamfani zai ɗauka ba ne. An janye putty.exe na gida, aka sauke kunshin MSI na hukuma sau ɗaya, aka duba sa hannunsa, aka girka wa kowa. Wani abin da harhaɗawar ba ta taɓa ba ko kaɗan shi ne WinSCP da FileZilla da ke kan laftof ɗin, waɗanda ke ɗauke da nasu kwafin rubutun PuTTY a ciki, kuma sai da aka sabunta su zuwa 6.3.3 da 3.67.0.

macOS

MacBook guda ce a kamfanin, ta babban injiniyan. Umarnin `xcode-select --install` ya kawo maharhaɗin clang, rumbun manhajoji na Homebrew ya kawo cmake, kayan tagar umarni suka harhaɗu ba gardama. An ɗan ɓata lokaci wajen neman PuTTY mai taga ta hanyar GTK, sannan aka bari, domin masu manhajar da kansu ba su da kammalallen zubi na Mac, kuma kunshin putty na Homebrew ma kayan tagar umarni kaɗai yake bayarwa. Da aka tambayi injiniyan ainihin abin da yake buƙata, sai ya zamana puttygen ne kawai, don ya mayar da fayil ɗin mabuɗinsa na PuTTY, wato .ppk, zuwa tsarin OpenSSH da `-O private-openssh`. Umarnin ssh yana zuwa tare da macOS, kuma idan aikin jona waya a jikin na'ura ne, `screen` yana shiga na'urar Cisco a gudun 9600. Da an yi wannan tambaya tun farko, da aikin Mac ɗin bai wuce zama ɗaya ba.

Mabuɗan

Duk tsawon lokacin da ake fama da maharhaɗai, tsohon mabuɗin P-521 yana nan yana buɗe kowace ƙofa. Sanarwar masu PuTTY ta faɗa ƙarara cewa sabuntawa tana hana fitar da sababbin sa hannu masu rauni ne kawai, ba ta dawo da waɗanda suka riga suka fita, don haka duk mabuɗin irin wannan da aka taɓa amfani da shi a PuTTY ko Pageant, shirinta mai riƙe mabuɗai, a ɗauka ya tonu, ko da da wata manhaja aka ƙirƙire shi. Wannan aiki ne da ba ya buƙatar harhaɗa komai, kuma shi ya kamata a fara yi a ranar farko. Harhaɗawa ta sha gabansa ne saboda ita ce ake ganin motsinta a allo.

Gano mabuɗan bai yi wuya ba, domin layin farko na kowane fayil ɗin .ppk yana faɗin nau'insa, kuma binciken `ecdsa-sha2-nistp521` a fayilolin authorized_keys ya nuna uwayen garken da suka amince da shi. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne na abokan ciniki, inda sai da aka kira kowane aka nemi ya cire tsohon ya saka sabo. An ƙirƙiri sababbin mabuɗai na Ed25519, aka ware na shiga na'urorin kamfani daban da na shiga na waje, wasu tsofaffin na'urori da ba su san Ed25519 ba kuma aka yi musu na RSA.

Sabon mabuɗin ya tona wani abu da binciken ofis bai gano ba. Wani ma'aikaci ya kira daga Farin Gada ya ce PuTTY ta ƙi karɓar mabuɗinsa, tana cewa tsarinsa ya yi mata sabo. Tun zubi na 0.75 puttygen ke rubuta .ppk a tsari na 3, mai amfani da Argon2 wajen kare kalmar sirri, kuma zubin da suka gabace shi ba sa iya karanta shi. Ashe akwai tsohuwar putty.exe a kan teburin laftof ɗinsa, ita yake dannawa, ba wadda aka girka masa ba. Ya nemi a mayar masa da mabuɗin tsari na 2, abin da puttygen ke iya yi, shugaban sashen ya ƙi, ya ce ya goge tsohuwar.

Inda aka tsaya

Tsarin da kamfanin ya zauna a kai shi ne Windows ta riƙa amfani da kunshin hukuma, Mac ta dogara da OpenSSH da Homebrew, harhaɗawa daga tushe kuma ta tsaya ga kwamfutocin Linux da rumbunsu ya makara. Ko a nan akwai bashin da aka ɗauka, domin abin da aka girka a /usr/local/bin apt, mai girka manhajoji daga rumbun Ubuntu, bai san da shi ba, ba zai sabunta shi ba, ba zai ma sanar cewa sabo ya fito ba. Saboda haka aka sa matashin ya rubuta shafi guda mai ɗauke da kunshin da ake buƙata, umarnin tantance sa hannu, umarnin harhaɗawa da gwajin ƙarshe, aka ajiye shi tare da tushen, aka kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba shafin masu manhajar duk farkon wata.

Uwar garken CentOS 7 ta kai ƙarshen wa'adin tallafinta a ranar 30 ga Yuni, 2024, aka mayar da aikinta kan sabuwar na'ura, aka kuma sauya shirin daren ya riƙa amfani da ssh da scp na OpenSSH waɗanda rumbu ke sabuntawa, don haka plink ɗin da aka sha wahalar harhaɗa mata bai yi aiki ba sai na 'yan makonni. Lokacin da zubi na 0.82 ya fito a Nuwamban 2024, matashin ya riga ya gama bautar ƙasa ya tafi, kuma wanda ya gaje shi da wannan shafi guda ya sabunta kwamfutocin ɗakin sa ido.